Layin da Ake Rubuta Sunan Uba

Wata uku ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na ji an ja kujerar ƙarfe a kan siminti sai gabana ya yanke ya faɗi. Inna ta ce tsorata na yi a birni, ta sa aka yi mini rubutu na sha kwana bakwai. Na sha, ban yi musu ba. Ni dai na san ba iska na gamu da ita ba. Takarda ce. Zan rubuta yadda aka yi, ko Allah ya sa abin ya sauka daga ƙirjina.

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu na Kucheri, cikin ƙasar Tsafe. Ana yaye ni aka kai ni Bungudu wurin yayan mahaifina, wanda Allah bai ba haihuwa ba. Shi na tashi ina ce wa Baba. Wanda ya haife ni kuwa Baffa nake ce masa, kamar yadda ake ce wa ƙanen uba, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini wani iri ba. Baba tela ne a bakin kasuwa, mutum mai surutu da son rediyo. Baffa manomi ne, ba ya magana sai ta kama. Saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, haka ma Inna. In na je hutu, sai dai in ji yana tambaya daga zaure: “Mutanen Bungudu sun ci tuwo?”

Ranar da Baba ya kai ni firamare, hedimasta ya tambaye shi ɗiyar wa ce, ya ce tasa. Aka rubuta sunansa a bayan nawa. Haka sunan ya bi ni har sakandaren kwana ta ’yammata, haka ya hau kan sakamakon jarrabawata ta fita. Ba wanda ya ga laifi, don ba laifi a ciki.

Muna aji shida wata malamarmu ta tara mu a ƙarƙashin dalbejiya, ta ce yau ba darasi, zancen gaba za a yi. Ta ce wadda ta samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ta kuma ci jarrabawar shiga, ita ce ta jami’a, shekara huɗu ta fito da digiri. Wata daga baya ta ce, “Malama, huɗu a takarda, bakwai in an haɗa da yajin aiki!” Muka kwashe da dariya, ita ma malamar ta dara. Ta ce akwai kwalejin fasaha, shekara biyu ki karɓi ƙaramar difloma, in kin ga dama ki koma ki yi babba. Akwai makarantar jinya da ta ungozoma ga wadda jini ba ya ba ta tsoro. Sai ta daɗe a kan kwalejin horar da malamai, don ita ta can ta bi: shekara uku, ki fito da takardar koyarwa, kuma ƙofar jami’a ba ta rufe ba, don in kin je daga baya aji biyu za ki fara.

“Ba hanya ɗaya ake shiga kasuwa ba,” in ji ta. “Ku dai ku riƙe takardunku da kyau. A can ba wanda ya san fuskarku. Takarda ce ke magana.”

Na ji wannan magana da kunnena. Na ɗauka tana nufin kada mu bari gara ta ci su.

Da Baba ya zo ziyara na kwashe duka na faɗa masa. Ya ce shi bai san digiri ba, bai san difloma ba, amma yana son ranar da zai zauna a kan kekensa na ɗinki yara su wuce suna nuna shi, suna cewa ga uban malama can. Bai ga ranar ba. Da daminar shekarar da na gama ya kwanta kwana tara, ya cika. Sakamakona ya fito Baba yana kabari. Matarsa ta gama takaba ta koma danginta, ni kuma aka kwaso akwatina aka maido ni Kucheri, gidan da aka haife ni, inda ban san ko wurin ajiye tsintsiya ba.

Kiredit huɗu na samu, lissafi ya kayar da ni. Jami’a ta fita daga lissafi ke nan. Na yi shiru da maganar karatu har aka shekara, don ban san ta inda zan ɓullo wa Baffa ba. Ashe shi yana sane. Wata rana da yamma yana gyaran ƙotar galma a tsakar gida, ya ba ni baya, ya yi magana kamar da galmar yake.

“Makarantun nan da anka ce suna gaba, wacce ta gero, wacce ta dawa?”

Na durƙusa na ce ta difloma ita ce gero, tana saurin nuna. Jami’a dawa ce, sai an yi haƙuri, kuma ni ban samu irinta ba. Ta malamai tana tsakiya.

“Maiwa ke nan,” ya ce. Ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu. “Yaya mi ya so?”

“Malanta, Baffa.”

“To, abin da ya so shi za a yi.”

Aka sayo mini fom ɗin wata kwalejin malamai a Gusau. Cikin abubuwan da suka nema har da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, kowa sabuwar takarda yake nema. Mai garin Kucheri ya ba da wasiƙa, aka kai sakatariya a Tsafe. Shi mai gari ya san gidan da aka yanke mini cibi, sai ya sa sunan Baffa. Da takardar ta zo na buɗe, na ga sunana, ga na Baffa a jikinsa, an buga da tafireta, ga hatimi.

Ban san yadda zan faɗi wannan ba. Shekara goma sha tara mutumin nan bai taɓa furta sunana ba, sai ga shi a layi ɗaya da ni. Na shiga ɗaki na karanta, na ninke, na sake buɗewa na karanta. Da na zo cike fom, na kai layin da ake rubuta sunan uba, sai na kwafe na Baffa harafi bayan harafi. Na san wanda ke kan sakamakona daban ne. Na sani sarai. Amma a wurinmu ko yaron goye ya san riƙo, na ɗauka ko’ina haka ne, in an tambaya in yi bayani a wuce wurin.

Sunana ya fito a allon waɗanda aka ɗauka. Gwaggona da ke aure a Tudun Wadar Gusau ce ta aiko da saƙo ta hannun direban motar kasuwa. Aka ce a zo tantance takardu, kuma za a rufe rajista ranar Juma’a kafin a tafi masallaci. Na isa Gusau ran Lahadi, na kwana gidan Gwaggo, Litinin da safe na shiga layi da takarduna cikin leda, a rungume a ƙirji.

Mutumin da ke teburin yana da tabarau mai kauri, ga alama tun safe yake faɗa da mutane. Ya karɓi takarduna ya jera su uku: fom, shaidar ƙaramar hukuma, sakamako. Ya sa biro a kan na farko, ya sa a na biyu, ya tsaya a na uku. Ya yi magana da Turanci, ban gane ba don kunnuwana sun toshe. Sai ya juya Hausa.

“Wannan sakamakon na wace ce?”

“Nawa ne, Malam.”

“Naki. To wannan fom ɗin fa?”

“Nawa ne.”

“Ke ubanki nawa?”

Layin ya ɗauki dariya. Wata a bayana ta ce, “Kai, mai rabo! Mu ɗaya ma da ƙyar muke ganinsa.” Na buɗe baki in ce riƙo ne. Abin da ya fito shi ne, “Biyu.” Dariyar ta ƙaru. Shi bai yi dariya ba. Ya ce makon da ya wuce sun kama wata da sakamakon yayarta, kuma ya gaji da masu sayen takardar mutane. Ya tattara nawa ya sa a aljihun tebur, ya kira mai gadi. Aka kai ni wani ƙaramin ɗaki mai tarin fayil har rufi. Mai gadin ya jawo kujerar ƙarfe a kan siminti, ƙiiii, ya ce in zauna, za a kira ’yan sanda. Ya ja ƙofa ya tsaya a waje.

Ban san tsawon lokacin da na yi a ɗakin ba. Na dai ji an kira azahar ina ciki. Ni da ko ofishin shugabar makaranta ba a taɓa kai ni don laifi ba. A raina na ga an sa ni a bayan mota an ratsa da ni ta kasuwa. Na ji ana faɗar sunana a rediyo, mutanen Bungudu suna saurare a bakin shagon Baba. Na ga Baffa ya kasa fita masallaci. Duk takun da ya wuce ta bakin ƙofa sai in ce ga su nan. Zanena ya jiƙe da gumi, fitsari ya matse ni, na kasa ko ƙwanƙwasa ƙofar. Ina ta karanta duk addu’ar da na iya, ina kai tsakiya in manta ƙarshen.

Wata dattijuwa ma’aikaciya ce ta shigo neman fayil ta same ni a takure. Ta ce, “Subhanallahi, ’yan nan, me kika yi?” Na faɗa mata cikin kuka, baya na gaba, gaba na baya. Ta saurara har na gama, ta ce, “Riƙo ne? Ni ma gwaggota ta riƙe ni.” Ta fita. Na jiyo muryarta da ta mai tabarau suna ja-in-ja. Da ta dawo ta miƙo mini takarduna, ta ce an yarda in tafi, amma sai mahaifina ya je kotu da kansa an yi takardar rantsuwa cewa shi ya haife ni, kuma ni ɗin dai ce a takardun nan uku. In na kawo kafin Juma’a gurbina yana nan. In ban kawo ba, akwai masu jira.

Talata na koma Kucheri. Ban iya faɗa wa Baffa ba, Inna na faɗa wa, ita ma ta bari sai da ya ci abinci. Ban ji abin da ya ce ba. Laraba ya wuni a gona ana cirar gyaɗa. Alhamis da sassafe na fito na same shi a ƙofar gida da rigarsa ta Sallah, ya ce wa Inna, “Ce ma mutanen Bungudu su hito, rana na yi.”

Wannan ce tafiya ta farko da muka taɓa yi tare. Ya zauna gaba kusa da direba, ni ina can baya tsakanin buhunan barkono. Daga Tsafe har muka wuce dutsen Kwatarkwashi ƙeyarsa kawai nake kallo, da zaren hularsa da ya fara warwarewa.

A bakin kotu akwai masu tafireta a ƙarƙashin itatuwa, kowa da teburinsa da benci. Muka zauna wurin wani mai fara’a, bakinsa ja da goro. Akwai mutum uku a bencin suna jiran nasu. Na yi masa bayani a hankali, ya ce wannan ai ruwa ne, kullum yana buga irinta. Ya zura takarda a keken, ya dubi Baffa.

“Baba, kai ne mahaifinta ko?”

Baffa ya dubi ƙasa. Mutanen benci suka juyo.

“Ubanta ya rasu bara,” ya ce.

“Allah ya jiƙansa. To kai fa?”

“Ƙanenai.”

Mai tafireta ya dube ni, ya dubi Baffa, ya yi ’yar dariya. “Baba, na gane. Mu ma muna da kunyar nan a gida. Amma gwamnati ba ta san kara ba. Ji abin da zan buga: ni wane, ni na haifi wance, sunan da ke kan sakamakonta ba na ubanta ba ne, na mai riƙonta ne. Shi ke nan, sai a shiga ciki a buga hatimi.”

“Sake hwaɗin na tsakiya.”

“Ba na ubanta ba ne.”

Baffa ya girgiza kai. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce, “Malam, mutumin ga ya amshe ta tun daga yaye. Da ƙyanda ta kama ta, shi ya goya ta bisa keke har asibiti, ni ina gona ban ko sani ba. Shi ya ɗunka mata rigar makaranta da hannunai. Yanzu shina ƙasa, ba ya iya tanka kowa, ni in zo birni in rantse ba ubanta na ba?”

“Ba Alƙur’ani za ka dafa ba, Baba. Yatsa kawai za ka dangwala.”

“Allah ba ya ganin yatsa?”

Wani tsoho a benci ya ce, “Gaskiyatai.” Wani matashi kuma ya ce, “Haba Baba, karatun yarinya fa!” Mai tafireta ya zare takardar ya zura wata. Ya ce to a cire wancan layin gaba ɗaya, a bar guda: ni na haife ta, yayana ya riƙe ta. Ba ƙarya a ciki, ba cin fuskar mamaci.

Baffa ya gyara zama. Ya ce a hankali, “Na ba shi ita. Ban ce aro ba. Rubuta ɗiyatai ta, wanga ni dangwala maka yatsa goma.”

“In na buga haka,” in ji mai tafireta, “fom ɗinta da takardar Tsafe sun zama ƙarya ke nan. Sai a ce kun yi wa hukuma ƙarya, a riƙe ku ku biyu.”

Daidai nan wani ɗan sanda ya fito daga cikin kotun riƙe da wani mutum a ƙugun wando. Ba ruwansa da mu, ko kallonmu bai yi ba. Amma ni ɗakin fayil ɗin nan ya dawo mini gaba ɗaya, har warin tsohuwar takarda. Na ga Baffa da rigarsa ta Sallah a kan kujerar ƙarfe.

Sai Baffa ya juyo ya dube ni. Ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da nake. Yanzu da nake tunawa na san abin da yake jira. Da na ce, “Baffa, don Allah,” na rantse da ya dangwala. Da ya haɗiye kunyar, ya ɗauki nauyin a wuyansa, ya ce yarinya ce ta roƙa. Kalma uku kawai. Mai tafireta ma ya ɗora yatsunsa a kan keken yana jirana.

Na ce, “Baffa, mu tafi gida.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya yi wa mai tafireta godiya, ya ba shi haƙurin takarda biyu da aka ɓata. A tasha ya sayi rake, ya ba wata mata ta miƙo mini baya. Ban iya sha ba, na riƙe shi har Kucheri.

Ran Juma’a ina tsakar gida ina tsinkar gyaɗa tare da Inna aka yi kiran salla na farko. Na ci gaba da tsinka. Inna ta dube ni ta gefen ido, ta tura mini tulin da ya fi sauƙi. Daga baya Gwaggo ta aiko cewa ta leƙa allon, an ja layi a kan sunana da jan biro, an rubuta na wata a gefe.

Ban ga laifin mai tabarau ba, aikinsa ya yi. Na yi ƙoƙarin ganin laifin Baffa, abin ya ƙi zama. In na bi zaren a hankali, kullum a hannuna yake ƙarewa: ni na cike layin nan, ni kuma na ce mu tafi.

Bayan an gama yankan dawa Baffa ya yi sammako bai faɗa wa kowa inda za shi ba. Da la’asar ya dawo ya ba Inna ambulan, Inna ta ajiye mini a kan faifai. Sabuwar takardar shaida ce daga Bungudu, da sunan Baba a bayan nawa, daidai da na kan sakamako. Na ji shi daga zaure yana cewa, “Baɗi a rubuta na Yaya ko’ina, kowa ya huta. Waccan ta Tsahe a ba ni in mai da musu abinsu.”

Inna ta leƙo ta tambaye ni. Na ce ta ɓace a Gusau.

Ba ta ɓace ba. Tana ƙasan akwatina, cikin zanen makaranta da Baba ya ɗinke mini bakinsa. Malamarmu ta aiko mini da saƙo cewa kada in karaya, fom zai sake fitowa, kuma in ina so in sake zama jarrabawar lissafi ko jami’ar ma ta samu. Na ce to. Ban faɗa mata ba cewa ko sakatariyar Tsafe na hango daga mota sai na kawar da kai, balle in sake tsayawa gaban tebur wani ya jera takarduna. Wataƙila kafin baɗi ƙafafuna su yarda. Yanzu dai in gida ya yi shiru, kowa ya tafi gona, nakan buɗe akwatin in warware zanen, in karanta layin sau ɗaya, in mayar.